Farcen Aro Na Mai Buɗe Fuskar Amare

Akbastau,
3 ga Satumba.

Zuwa ga tsohuwata Kulash,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya jiki? Ƙugun ya fara yarda ki taka? Yaya 'yarmu Gulsim da mijinta da yara? Mu nan lafiya lau, tumaki lafiya, goɗiyarki ma lafiya, sai dai tun da kika tafi take yi wa kowa rowar nono.

Na zaɓi takarda ne don wayar nan ba ta karɓe ni ba. Da na ce "Kulash" sai in ji Gulsim da 'ya'yanta sun kewaye ki suna sauraro kamar ana shari'a. Direban motar Astana ya ce zai riƙa kawo miki. Ki adana su, kada ki bar su a kan tebur.

Wani abu ya same ni, na kuma san dariya za ki yi. Shekaranjiya ina gyara ƙyauren garke, wayar ƙarfe ta suɓuce ta shige ƙarƙashin farcen manuniyata ta dama, ta tsaga shi daga baki har kusa da tushe. Jinin kaɗan ne, ciwon ma ba na kwanciya ba ne. Amma kin san da wane farce nake kaɗa molona, dombra. Jiya na ɗauko ta na gwada, tsirkiya ta faɗa cikin tsagar, sai da na saki ƙara. Na koma kan yatsan tsakiya, sautin ya fito kamar na ɗan koyo. Malamar asibitinmu ta ce farcen mai shekara saba'in da uku sai ya yi wata shida kafin ya sake. Bikin Bekzat kuwa saura sati biyar.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ba a kawo amarya garin nan ba face ni na yi mata betashar, waƙar buɗe fuska. Ni nake rera mata sunayen dangin miji tana rusunawa, ni nake yi mata huɗuba, ni nake ɗage mata lulluɓi da kan dombra. Yanzu ga auren yaron da muka karɓa daga hannun uwarsa yana wata bakwai, wanda duk gari ke kira autanmu an manta jika ne, sai in zauna cikin 'yan kallo da yatsa a naɗe? Abokina Amantai ya zo dubiya, ko in ce ya zo tsiya. Ya kalli yatsan ya ce, "Kwantar da hankalinka, Sarsenbai, ai tare aka yi mana kaciya. Ni zan buɗe muku fuskar." Na ce masa ranar da ya rera waƙa a gidana, ranar amarya za ta juya gidansu da lulluɓinta. Muryar da ko jakinsa ba ya amsawa!

Sai maganar da muka bari ba mu ƙarasa ba kafin ki faɗi ki ji ciwon ƙugu. Ban canza ra'ayi ba. Ke kin je baikon sa 'yan kunne kin ga yarinyar, kin dawo kina Balnur kaza, Balnur kaza. Ni ban je ba, kin kuma san ba ciwon ƙafa ne ya hana ni ba. Yarinyar da sana'arta a birnin Shymkent liƙa wa mata faratan roba, me za ta tsinana a gidan da ake tatsar goɗiya sau biyar a yini? Ban hana aure ba, yaro ya ce yana so. Amma huɗubar betashar tawa ce, na kuma tsara mata baiti:

Amarya, buɗe kunne ki ji,
Gidan nan ba shagon kwalliya ba ne.
Dogon farce kayan shaho ne,
Shaho kuwa ba ya murza kwaɓi.
Ki yanke su kafin ki taɓa tukunyarmu.

Kin ce in na rera irin wannan a gaban mutum ɗari uku, sunan zai bi ta har tsufa, yara su riƙa ce mata Shaho. Ni a ganina gara ta ji tun ranar farko. Abin da ya dame ni kawai shi ne da wane farce zan kaɗa.

Ki riƙa cin abinci, ki bi abin da likita ya ce. Gidan ya yi mini faɗi. Ki gaishe da kowa.

Naki,
Sarsenbai.


Akbastau,
15 ga Satumba.

Tsohuwata Kulash,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na ji daɗi da kika ce kin kai ƙofar ɗaki da sanda. Kada ki yi gaggawa, tsohon ƙashi lallaɓa shi ake yi.

Takardarki ta zo, na karanta sau biyu. Ba ki ce uffan a kan baitin ba, kuma shirunki ya fi faɗanki ba ni tsoro. Abin da kika rubuta kawai shi ne in je Kentau, bayan kasuwa, shago mai koren ƙyaure, in nemi yarinyar da ke teburin bakin taga in ce ke kika aiko ni. Kwana uku ina jayayya da takardar nan. Ni, da farin gemu, shagon farata? Ranar Talata dai na naɗe dombra a bargo, na ce wa Amantai za ni sayen maganin tumaki.

Ina shiga wari ya doke ni kamar an zubar da fenti. Mata huɗu suka juyo suna kallona, na ji kamar in ce ɓatan hanya na yi. Da na ambaci sunanki, yarinyar bakin taga ta miƙe tsaye zumbur, ta dafa ƙirji ta gaishe ni kamar kakanta, ta ce, "Sannu da zuwa, Ata." Fuskarta ban gani ba, akwai takunkumi irin na asibiti saboda ƙurar aiki, idanu kawai ke waje. Ba ta zauna ba sai da na zauna.

Ta juya yatsan ta duba, sai ta ce, "Ata, kuna salla?" Na ce tun ba a haifi ubanta ba. Ta ce, "To abin da zan sa muku ruwa ba ya ratsa shi. Ku fara tambayar liman, ni ba zan ɗauki alhakin alwalarku ba." Kulash, wallahi abin bai ko faɗo mini a rai ba. Na tafi masallacin kasuwa na yi azahar, na nuna wa liman. Ya danna gefen, na yi tsalle. Ya ce tunda tsagar ta kai nama, abin da aka rufe ta da shi ɗaurin ciwo ne, in riƙa shafawa a kai, amma ranar da naman ya warke in cire, kada in ƙara kwana.

Na koma. Ta kawo mini allo cike da farata jere, ja da shuɗi da masu duwatsu, na ce ta kawar kafin hawan jinina ya tashi. Ta yi dariya ta ce ba launi za mu zaɓa ba, sauti za mu zaɓa, in buɗe bargon. Ashe ta gane abin da ke ciki. Faratan iri uku ne. Akwai na roba da ake sayarwa a fakiti a manna da gam. Ta ɗan ɗana mini shi, na kaɗa, sai ƙwas-ƙwas kamar akuya a kan kwano. Akwai na gari da ruwa da ake kwaɓawa ya daskare kamar dutse. Ta ce yana da ƙarko, amma kauri zai yi, dombra za ta riƙa tsawa, kuma kiɗanmu na yankin Karatau ba na tsawa ba ne. Ina ta san wannan? Na ukun ɗan ƙyallen siliki ne siriri, ta shimfiɗa a kan tsagar, ta shafe da wani ruwa mai yauƙi, ta sa yatsan a ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila har ya bushe.

Daga nan aka shiga gogewa. Ta goga da ɗan magagari, in kaɗa, ta karkata kai ta saurara, ta sake gogawa. Sau bakwai. A na bakwai na kaɗa, sai na ji muryar dombrata ta dawo. Matan shagon duk suka bar abin da suke yi. Ban ɓoye miki ba, idona ya ciko.

Kusan awa guda hannuna na cikin nata, don haka na ƙare masa kallo. Faratanta gajeru ne, ba ko ɗigon launi, ta ce mai wannan aiki ba ya tara farce. A bayan babban yatsanta na hagu akwai farin tabo kamar jinjirin wata. Na tambaya, ta ce man suyar fanken baursak ne ya fallatsar mata tana shekara tara. Na ce a raina, ga 'yar mutane nan a Kentau, amma Bekzat ya tsallake ya tafi Shymkent.

Kada ki gaya wa Gulsim. In Amantai ya ji, na kaɗe.

Naki har kullum,
Sarsenbai.


Akbastau,
28 ga Satumba.

Kulash tawa,

Assalamu alaikum. Yaya ƙarfin jiki? Yaya sanyin Astana, ya fara? Na ji kin ce abin da ya fi damunki yanzu ba ki iya sunkuyawa ki yanke faratan ƙafa, kuma kina jin nauyin sa Gulsim. Ki yi haƙuri, komai na da lokacinsa. Na kuma ji likita ya hana ki tafiya sai ƙarshen wata mai zuwa. Na ce a ɗaga bikin, kin ce a'a. Shi ke nan, amma ki sani rabin zuciyata ba za ta halarta ba.

Farcen nan ya fi jariri doka. Kada in buɗe gwangwani da shi, kada in kwance ƙulli, in sa safar hannu in zan taɓa ruwan wankan tumaki, in shafa mai a gindinsa kowace safiya. Man da ta ba ni ƙamshin mata yake yi, sai na koma kitsen wutsiyar rago. Amantai ya gan ni da safar hannu da rana tsaka ya ce, "Likita, yau tiyatar wa za a yi?" Na ce ta bakinsa.

Doka ta ƙarshe ita ce in gefe ya ɗaga, kada in taɓa, in zo. To ranar Laraba ya ɗaga kaɗan, ina jan linzami. Na ce yanzu a kan wannan zan shiga mota? Na ɗauko gam ɗin da nake liƙe takalmin roba na ɗiga. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Kwana biyu yatsan ya ɗau zafi, dole na kama hanyar Kentau.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi ya fi sauƙi. Ta shinshina kawai ta ce, "Ata, gam na sama, kitse na ƙasa. Farce ne ko takalmi?" Ta ce na kulle danshi a ciki, da na ƙara kwana uku da wurin ya yi kore ya ruɓe. Ta cire tsohon, ta wanke, ta bar shi ya sha iska, sannan ta sake sabo. Naman bai gama haɗewa ba, ta ce sai bayan biki.

Muna jiran ya bushe hira ta yi daɗi, har na ba ta labarin amaryar da za a kawo mana. Kin san ni in na sami mai sauraro. Na ja dombra na rera mata baitin shaho, tun daga farko har ƙarshe. Na zaci za ta yi dariya. Magagarin da ke hannunta ya tsaya. Can ta ce, "Baitin ya tsaru, Ata. Ita amaryar, kun taɓa ganin hannunta?" Na ce ba sai na gani ba, ji ya isa. Ta ce, "Allah ya ba ta ikon ɗauka." Na ga idonta ya yi ja, ta ce ƙura ce. Sai a mota na tuna ita ma sana'arta ke nan, na ji ban kyauta ba. Amma ai ba da ita nake ba.

Ta ce wannan ne satinta na ƙarshe a shagon, na gwaggonta ne, ta zo taya ta ne kawai kafin a kai ta ɗakin miji. Na ce gidan da zai same ta ya yi sa'a, kuma in ba su da mai buɗe fuska a kira ni, ko ina ne zan je. Ta sunkuyar da kai ta ce, "In sha Allah ku za ku buɗe, Ata." Kin ji tarbiyya. Ko sunanta ban tambaya ba, 'yata kawai nake ce mata.

Baitin yana nan a aljihun rigata. Na san abin da ke ranki, ba sai kin rubuto ba.

Allah ya ba ki lafiya.

Naki,
Sarsenbai.


Akbastau,
14 ga Oktoba.

Kulash,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, jiki na ƙara kyau. Na san lafiyarki lau, tunda kina kwance a Astana kina juya mutum a Akbastau kamar waina.

An yi biki, an watse lafiya. Na san an nuna miki hotuna a waya, amma abin da zan faɗa miki babu shi a hoto.

Da hantsi aka fito da amarya tsakar gida, mata biyu na riƙe da ita, farin lulluɓi har gwiwa. Aka ɗaura bakin ƙyallen a kan dombrata. Na fara, farce ya amsa, murya ta amsa. Na kira kakanni ta rusuna, na kira sunanki ta rusuna ta daɗe ba ta ɗago ba. Aka zo huɗuba. Na rera baitin tashi da sassafe, na rera na girmama baƙo, saura na shaho. Har na ce "Amarya, buɗe kunne ki ji," sai na kai ido kan hannunta don in nuna wa jama'a abin da nake nufi.

Ta ɗora su a kan gwiwa, ɗaya bisa ɗaya. Farata gajeru, ba ko ɗigon launi. A bayan babban yatsan hagu ga jinjirin wata.

Kulash, shekara arba'in da ɗaya ban taɓa tsayawa a tsakiyar betashar ba. Ranar na tsaya. Yatsana na kaɗawa shi kaɗai, bakina ya ƙi buɗewa. Ta san kalmar da ke tafe, ai ni na rera mata da kaina. Ta ji shi sati biyu da suka wuce, ta gyara farcen da za a kaɗa mata shi, ta kuma zo ta tsaya tana jira. Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Amantai ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Tsoho ya manta! A ba ni dombra!" Allah ya saka masa, dariyar da aka yi ce ta ba ni numfashi. Abin da ya zo bakina shi na rera:

Amarya, buɗe kunne ki ji,
Hannun nan na riga kowa saninsa.
Ya sami tsaga ya ɗinke,
Ya ji magana ya haɗiye.
Tukunyarmu taki ce, ki taɓa.

Bai tsaru ba, na sani, layi na huɗu ɗingishi yake yi. Ba wanda ya gane sai mu biyu. Na ɗage lulluɓin, na ga sauran fuskar da takunkumi ya ɓoye mini, jiƙe da hawaye. Matar Amantai ta ɗaura mata farin ɗankwalin da kika aiko.

Na tsare Bekzat daga baya, ya rantse bai san komai ba, na kuma yarda. Wannan ƙulli naki ne ke kaɗai. Kin san magana ba ta shiga kunnena, shi ya sa kika bi ta yatsa.

Jiya da safe na ga naman ya haɗe, na tuna sharaɗin liman. Na zauna a bakin ƙofa na zaro wuƙata zan ɓamɓare. Sai ga Balnur da butar shayi. Ta ajiye ta ce, "Ata, don Allah! Za ku ɗaye naku tare da nawa." Ta kawo kayanta. Ta goge saman har ya dushe, ta jiƙa auduga da wani ruwa mai sanyi ta ɗora, ta naɗe da takardar azurfa irin ta ƙunshin ganyen shayi, ta ce kwata ɗin awa. Kwata ɗin awa ina zaune da yatsa a sama, surukata na tsugune a gabana. Kin san tsoho ba ya iya buɗe baki ya ce wa amaryar gidansa ya yi kuskure. Sai na lalubo takardar baitin da hannun hagu na miƙa mata, na ce wutar tukunyar shayi na neman mutuwa. Ta duba ta gane. Ta karɓa da hannu biyu ta cusa a wuta, ta ce, "Ta kama, Ata."

Da lokaci ya cika ta kwance, ta tura da ɗan tsinke a hankali, abin ya saɓule kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Farcena na ƙasa ya yi laushi, tsagar ta matso baki, ta ce in huta da dombra wata guda. Na yi alwalar azahar, ruwa ya taɓa ko'ina. Goɗiyarki kuwa har yau ba ta yarda da ita ba, jiya ta zubar mata da bokiti. Balnur ta ce za ta jira ki koya mata.

Saura magana ɗaya. Da nake zaune da yatsa a naɗe, na yi ta tunani. Yarinyar nan a zama uku ta riƙe hannuna fiye da yadda na riƙe naki a shekara hamsin da ɗaya. Hannun da ya tatsa, ya murza, ya wanke mini riguna, ban iya faɗin kamannin faratansa ba. Wannan ya fi baitin ba ni kunya.

Don haka na sa ta koya mini yankan faratan ƙafa. A jiƙa a ruwan ɗumi tukuna, a yanka a miƙe, kada a shiga kusurwa, sannan a goge baki. Na gwada a ƙafata sau biyu, na farkon dai kada ki tambaya. Na ajiye kwano da almakashi da ɗan magagari a kan taga kusa da gadonki. Ki ce wa Gulsim kada ta taɓa miki su, ko sun yi tsawon na shaho. Ki kawo mini su yadda suke.

Ina gaishe da kowa da kowa. Balnur na rusuna miki. Ki dawo da wuri.

Mijinki,
Sarsenbai.